Mai Bisharar Da Ke Tsallake Ƙofa Ɗaya

Akwai wani ma'aikacin jinya da kowa ke kira Auta, don shi ne ƙarami a ɗakinsu. Har furfura ta fara leƙo masa a gemu, sunan bai sake shi ba.

Auta yana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a ƙasar waje. Aikinsa yi musu wanka, sauya zanin gado, ba da magani, da lallashin wanda ya ƙi cin abinci. Allah ya ba shi sanyin hannu. Tsohon da ya gagari kowa, da Auta ya shigo da tawul a kafaɗa, sai ka ga ya yi laƙwas kamar jariri.

Matarsa tela ce. Yana kiranta Gimbiya, don ko gobara ake yi ba ta san sauri ba. Suna zamansu lafiya, rufin asiri daidai gwargwado.

Sai wani abu ya fara damun Auta. Duk lokacin da ya durƙusa yin addu'a, ba abin da ke faɗo masa a rai sai 'yar majami'ar ƙauyen mahaifinsa. Ya ji labarin an daɗe da rufe ta. Ba mai bishara, rufin ya yaye, awaki ne ke kwana a ciki.

Ya kawar da tunanin, ya dawo. Ya ƙara wa kansa aiki ko zai manta, bai manta ba. Da abin ya ishe shi, ya je ya sami fastonsu.

Faston ya saurare shi har ya gama, ya ce, "In ɗokin gida ne, je ka hutu ka dawo, zai wuce. In kuwa kira ne, ko ramin ɓera ka shiga zai bi ka."

Ya je hutu ya dawo. Abin sai ƙaruwa ya yi.

Wata ranar Asabar ya sami Gimbiya tana kan keken ɗinki. Ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya.

"Gimbiya, ina jin Ubangiji yana kirana gida."

Ta ɗaga ƙafa daga keken, ta dube shi ta saman tabarau.

"Wane gidan? Na sama ko na ƙasa? In na sama ne, ka roƙa a yi maka jinkiri in gama wannan rigar."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Amma da ta ga idonsa ya cika da ƙwalla, ta ture rigar gefe ta ce ya zauna. Sun daɗe suna magana. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta tambaye shi ko akwai ruwan famfo a can, ya ce babu. A ƙarshe ta share ido ta ce, "To, keke dai ko'ina ya je yana ɗinki. Amma kai za ka gaya wa Inna. Ni ba ruwana."

Nan fa gizo ke saƙar.

Inna, mahaifiyar Auta, tana zaune a birni wurin babbar 'yarta. Kuma tana da dalilin da ya sa ko sunan ƙauyen ba ta son ji.

Lokacin da mijinta ya rasu, Auta yana goye. Yayan mijin, wanda yaran ke kira Baffa, ya ce gida da gona na dangi ne, ba na bare ba. Ko makoki ba a watse ba ya fitar mata da kayanta waje. Ba wanda ya ce masa kul. Ta goya Auta, ta riƙe hannun sauran, ta taka har bakin titi. Da wankin kayan mutane ta raine su, har tafin hannunta ya tsattsage.

Don haka da Auta ya dawo ƙasarsu ya durƙusa gabanta ya faɗa mata inda za shi, sai ta ɗaure fuska.

"Kowa na neman ƙofar fita, kai kana neman ta komawa," in ji ta. "Na ji wannan. Amma duniya duk ta ƙare ne, sai garin nan?"

"Inna, ba ni na zaɓa ba."

"Ni wace ce da zan tare aikin Allah? Je ka, Ubangiji ya riƙe ka. Abu ɗaya na roƙe ka. Ƙofar mutumin nan, kada ƙafarka ta taka ta."

Auta ya ce, "Na yi miki alkawari."

Kuma gaskiyar magana, alkawarin bai yi masa nauyi ba. Shi ma abin da ke ransa ke nan.

Ya shiga makarantar koyon aikin bishara, ya gama, aka yi masa addu'a aka tura shi. Shi da Gimbiya suka sauka a ƙauyen da katifa, tukwane da keken ɗinki.

Auta bai yi wasa da aiki ba. Ya kori awaki, ya kwashe kashinsu, ya hau tsani ya gyara rufi da hannunsa. Ya bi gida gida yana gaisuwa. Bayan sujada yakan auna wa tsofaffi hawan jini, ya wanke wa yara miki. Gimbiya kuwa ta kafa kekenta a gindin taga, mata suna zuwa kallon ɗinki suna ɓarkewa da hira.

Mutane suka fara zuwa sujada, amma ba yawa. Benci biyu na gaba su cika, sauran sai ƙura. Wata ya wuce, wata ya zo, ba ƙari. Kowa na gaishe shi da fara'a, "Sannu da aiki, Malam," amma ranar Lahadi sai ya gan su zaune a ƙofar gida.

Abin da Auta bai lura ba shi ne, mutanen ƙauye ba sa gardama da wa'azi. Ƙafar mai wa'azin suke kallo.

Gidan Baffa yana daidai kwanar da ake bi zuwa majami'a. Kullum in Auta ya iso nan, sai ya tsallaka ɗaya gefen hanya, ya ƙara sauri, ya duƙar da kai kamar mai neman abin da ya yar. Ya shiga kowane gida a garin, ban da wannan. Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan.

Wata Lahadi ya yi wa'azi a kan gafara. Ya yi shi da kyau, har wata tsohuwa tana share hawaye. A hanyar gida ya tambayi matarsa, "Yaya kika ji wa'azin yau?"

"Ya yi daɗi," ta ce. "Da ma mai wa'azin ya samu ya saurara."

Ya tsaya cik. "Me kike nufi?"

"Maigida, dubi inda muke tsaye."

Ya duba. Ashe ya tsallaka hanya bai ma sani ba. Ga ƙofar Baffa can ɗaya gefen, a rufe.

"Na yi wa Inna alkawari," ya ce a daƙile.

"Na sani. Ni dai ban yi wa kowa ba. Jiya na shiga."

Sai ta gaya masa abin da ta ji a bakin matan da ke kawo ɗinki, da abin da idonta ya gani. Ɓarin jikin Baffa ya shanye tun kafin su zo. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa sun sayar da gonar sun tafi birni, ko waya ba sa ɗauka. Maƙwabta ne ke tura masa abinci daga bakin ƙofa, don zafin bakinsa ya kori kowa.

"Yana kwance cikin ƙazantarsa," ta ce. "Bayansa duk miki. Ni ɗinki na iya. Kai ne ka san wannan aikin."

Auta bai ci abinci ba ranar. Washegari da safe ya ɗauki baho, sabulu da tawul. Ya fita, ya dawo. Ya sake fita.

Warin ɗakin ne ya fara tarbarsa. Ya buɗe taga, haske ya faɗo kan wani ɗan tsoho a ƙudundune kan tabarma. Tun yana yaro yake zana Baffa a ransa a matsayin ƙato mai jan ido. Sai ga shi duk bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba.

"Baffa, kun tashi lafiya?"

Tsohon ya ƙura masa ido. Bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar, amma dafinta na nan.

"Ɗan ƙanena ne? Ka zo ganin yadda Allah ya saka wa uwarka? To kalla. Kalla ka ƙoshi, ka je ka ba ta labari."

"Wanka na zo yi muku."

Baffa ya lalubi kofi da hannunsa mai lafiya, ya wurga masa. Ruwan ya jiƙa wa Auta riga.

Jama'a, wannan mutum ya yi shekaru yana wanke iyayen wasu, ana zaginsa da harshen da ba nasa ba, bai taɓa ɓata fuska ba. Amma ranar nan ya kasa daurewa. Ya tuna tsagaggen tafin hannun Inna. Ya ajiye bahon, ya fita bayan ɗaki, ya dafa bango.

"Ya Ubangiji," ya ce, "ba na son mutumin nan. Ka sani, ba sai na ɓoye maka ba. In kana so a wanke shi, ga hannu, amma zuciyar sai dai ka kawo taka."

Ya share fuska ya koma ciki.

Ya ɗaga tsohon, ya wanke shi tas, ya wanke mikin ya sa magani. Ya ƙone tsohuwar tabarmar, ya kawo katifa daga gida ya shimfiɗa mata leda. Baffa yana zagi tun daga farko har ƙarshe.

Haka aka ci gaba, safe da yamma. Auta ya juya shi don kada mikin ya ƙaru, ya murza masa ƙafar da ta mutu, ya lanƙwasa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Gimbiya ta ɗinka masa riguna masu buɗewa ta baya don sauƙin sakawa. Baffa ya ce sun yi kama da na mahaukata. Ta ce, "Daidai ke nan, Baffa, na auna da mai su." Ya harare ta, amma an ga gefen bakinsa ya motsa.

Ba ranar da Auta ya yi masa wa'azi. Yakan dai ce, "Baffa, zan yi addu'a kafin mu ci." Tsohon ya juya fuska bango. Bayan wani lokaci ya daina juyawa. Wata rana da aka ce amin, sai aka ji wata murya a ƙasa ta maimaita.

Maƙwabta suka fara leƙowa. Wannan ya kawo itace, wancan ya gyara ƙofa. Wani kafinta ya haɗa wa Baffa kujera mai hannu, don a riƙa fito da shi shan hantsi.

Abu ɗaya ya rage, Inna. Kullum Auta ya ɗauki waya zai gaya mata, sai ya ƙare da tambayar ciwon gwiwarta. Gimbiya ta ce masa, "Rana ba ta ɓuya da tafin hannu. Gara ta ji daga bakinka." Ya ce gobe. Goben ba ta zo ba, har wani direba da ke zuwa birni ya kai labari, yana ganin abin yabo ya faɗa.

Wata safiya Auta ya fito da Baffa tsakar gida, ya shafa masa kumfa yana yi masa aski. Sai ya ji an turo ƙofa. Ya waiga.

Inna ce tsaye, da jakarta a hannu.

Ya ajiye rezar. "Inna..."

"Ci gaba," ta ce. "Ci gaba da aikinka. Na zo ne in gani da idona, don da aka gaya mini na ce ƙarya ne, ɗana ba ya saɓa alkawari."

Auta ya durƙusa. "Na yi laifi da ban gaya miki ba. Ki yafe mini wannan. Amma Inna, na shiga kowane gida a garin nan da sunan Almasihu. Na rasa yadda zan ce masa ban da wannan."

"Ka san abin da mutumin nan ya yi mini?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kana bayana kana barci."

Sai aka ji kujera ta yi ƙara. Baffa ne ke ƙoƙarin sauka. Kafin Auta ya tare shi, ya zame ya faɗi ƙasa, rabin fuskarsa kumfa. Ya ja jiki da hannu ɗaya har ya kai gaban ƙafarta.

"Uwar Auta," ya ce, kalmomin na fita ɗai-ɗai. "Kada ki yi fushi da yaron nan. Ni ne. Na ci amanar ƙanena. Na kore ki da marayu a kan ƙasa, ga shi ƙasar ma ba ta zauna mini ba. 'Ya'yan da na yi dominsu sun gudu. Wanda na kora shi ke wanke ni. Ban cancanci ki yafe ba. Ina so dai ki ji na faɗa kafin in mutu."

Inna ta dube shi. Shekara da shekaru tana shirya maganar da za ta faɗa masa in sun haɗu. Ko ɗaya ba ta fito ba. Ta juya ta fita.

Ta zauna a dakalin ƙofar gida tana kuka irin wanda ba sauti. Gimbiya, wadda labari ya iske a kan keke, ta zo ta zauna kusa da ita. Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin ta yi gudu. Ta riƙe wa Inna hannu.

A ciki kuwa Auta ya ɗaga Baffa ya mayar kujera, ya goge masa fuska, ya ɗauko abinci. Amma hankalinsa na waje. Ya cika cokali ya tura da sauri, tsohon ya ƙware, ya kama tari kamar ransa zai fita.

Inna ta ji tarin. Ta yi kamar ba ta ji ba. Tarin ya ƙaru.

Sai ta miƙe, ta shigo fuu.

"Kai, haka aka koya maka a ƙasar wajen? Kashe shi za ka yi? Ba ni nan!"

Ta fizge cokalin, ta bubbuga wa Baffa baya har numfashinsa ya dawo. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗebo kaɗan ta hura.

"Buɗe baki," ta ce masa. "Ba don halinka ba."

Baffa ya buɗe baki, hawaye na gangarowa cikin abincin. Ita ma nata na zuba. Auta ya koma gefe ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da tawul.

Kada ku ɗauka a ranar ta ce ta yafe. Ciwon da ya daɗe ba ya warkewa da shafa ɗaya. Ta ce kwana biyu za ta yi ta koma. Kwana biyun suka wuce, ta ce sai ta ga mikin bayansa ya rufe. Da ya rufe, ta ce ba ta yarda da girkin Gimbiya ga marar lafiya ba, gishiri ya yi yawa.

Wata rana da hantsi, tana yanke masa farce, ba tare da ta ɗaga kai ba ta ce, "Yaya, na yafe maka. Ni ma na gaji da ɗaukar kayan nan." Rabon da ta kira shi Yaya tun mijinta na da rai.

Labari ya zaga gari. Lahadin da ta biyo, samari suka ɗauko Baffa a kujerarsa har cikin majami'a, Inna na biye tana yi musu faɗan su bi a hankali. Mutanen da suka yi shiru ranar da aka kore ta, yanzu sun tsufa, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ta kai a ƙasa. Benci ya cika har baya, wasu suka tsaya a taga.

Auta ya miƙe gaban jama'a, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Daɗi ya kwashe shi, ya yi ta wa'azi, ya manta da agogo. Rana ta take, yara suka fara kuka, shi ko a jikinsa.

Sai Baffa ya karkato wajen Inna, ya yi raɗa irin ta mai nauyin kunne, wadda kowa ya ji.

"Ɗan nan naki hannunsa albarka. Amma bakinsa ba shi da birki."

Inna ta gyara zama ta ce, "Ubansa ya gado. Ai jininku ne."

Majami'a ta kwashe da dariya, har mai wa'azin. Ya rufe littafinsa ya ce, "To, tunda manya sun haɗa kai a kaina, mu yi addu'a."

Darasi: In Allah ya kira ka aiki a cikin mutanenka, ka sani ƙofar da kake tsallakewa ita ce aka fi zuba maka ido a kanta. Mutane suna jin abin da bakinka ke faɗa, amma abin da hannunka ya yi wa wanda ya cuce ka shi suke gaskatawa. Gafara ba ta jiran sai zuciya ta so, wani lokaci hannu ne ke fara aiki, zuciya ta biyo daga baya. Ka tura wannan labari ga wanda ka san yana ɗauke da tsohon ciwo a ransa, wataƙila yau ce ranar da zai sauke.